Dubai zuwa Guangzhou: awa 12 a tafiya, awa 4 a dawowa?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a fitar da ni daga duhu. Maigidana zai tura ni Guangzhou wata mai kamawa, shi ciwon ƙafa ya matsa masa bana, ni kuwa ban taɓa wuce Saudiyya ba. An yankar mini tikiti daga Legas ta Dubai. To ga abin da ya ɗaure mini kai. A tafiya an rubuta jirgi zai tashi daga Dubai ƙarfe 10:15 na safe, ya sauka Guangzhou ƙarfe 10:00 na dare, kusan awa 12 ke nan. A dawowa kuma zai tashi 12:15 na dare, ya sauka Dubai 4:40 na asuba, awa 4 da 'yan mintuna. Hanya ɗaya, kamfani ɗaya. Ko dai na dawowar wani jirgi ne mai gudu na musamman? Ko ajan ɗin ne ya yi mini aika-aika? Sannan na duba nisan a intanet, wani shafi ya ce 5,800, wani ya ce 3,600, wani kuma 3,150. Wanne zan kama?

Maman Walida: Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, tikitinka lafiyarsa ƙalau. Kowane lokaci da ka gani a jikin tikiti, agogon garin ne. Na tashi agogon garin da za ka bari, na sauka agogon garin da za ka isa. Chaina tana gaban Dubai da awa 4. Cire 4 a tafiya, ƙara 4 a dawowa, ka sake lissafi ka gani.

Ɗan Kwari: Tsaya Hajiya in gwada. Awa 11 da minti 45 a cire 4, saura 7 da minti 45. Awa 4 da minti 25 a ƙara 4, ya zama 8 da minti 25. Ikon Allah! Ashe ma dawowar ce ta fi tsawo.

Maman Walida: Yauwa. Ka tanadi haƙurin zaman awa 8 kowane ɓangare, ka sa takalmi mai sakewa, don ƙafa na kumbura.

Injiniya: Lambobin nisan nan uku da ka gani duk gaskiya ne, ma'auni ne ya bambanta. Daga filin jirgin Dubai zuwa filin Baiyun na Guangzhou, in aka miƙe ba kwana, kimanin kilomita 5,800 ne. In aka auna da mil irin na mota, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne, sai ya ba ka wajen 3,600. Matuƙa jirgi da na ruwa kuma nasu mil ɗin daban, kowane ɗaya kilomita 1.852, shi ne ya ba da 3,150 ɗin. Kai dai riƙe na kilomita. Wani abin da zai ba ka sha'awa, Legas zuwa Dubai ma kusan kilomita 5,900 ne. Wato in ka sauka Dubai ka ga ka gaji liƙis, to ka san rabin hanya ka ci.

Ɗan Kwari: Innalillahi. Injiniya ka karya mini gwiwa tun ban tashi ba.

Alhaji Mai Shadda: Salamu alaikum. Yaro, abin da Hajiya ta faɗa maka haka yake. Mun daɗe muna bin hanyar nan tun filin jirgin Guangzhou yana tsohon wurinsa cikin gari, kafin a koma wannan sabon a 2004. Amma dalilin da ya sa dawowa ta fi daɗewa, ai juyawar duniya ce. Wani Balarabe da muka zauna kujera ɗaya ya taɓa warware mini shi tas. Duniya tana juyawa ƙarƙashin jirgin, shi ya sa ɓangare ɗaya ya fi sauri.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Da girmamawa, a nan kam Balaraben nan ya kauce. Duniya daga yamma take juyawa zuwa gabas, shi ya sa rana take riga fitowa a Guangzhou kafin Dubai, Dubai kuma kafin Kano. To da juyawar ce ke aiki kai tsaye, wanda ya taso daga Guangzhou ya nufi yamma shi ne zai fi saurin isa, tunda Dubai tana tahowa ta tarye shi. Amma ga tikitin yaron nan a gabanmu, mai zuwa yamman shi ne ya fi daɗewa da minti 40. Jirgi a cikin iska yake tafiya, iskar kuwa tare da ƙasa take juyawa, ba a baya ake barin ta ba.

Alhaji Mai Shadda: To in ba ita ba ce, mece ce? Matuƙin ne yake jin ƙyuya a dawowa?

Injiniya: Iska ce, ranka ya daɗe. Can sama inda manyan jirage ke bi, tsayin kilomita 10 zuwa 12, akwai wata iska mai ƙarfi da take kwarara daga yamma zuwa gabas, kusan duk shekara. A wannan yankin tana bi ta saman ƙasashen Larabawa, Iran, Pakistan, arewacin Indiya har kudancin Chaina. In ta yi ƙarfi gudunta yana wuce kilomita 200 a awa. Ɗauke ta kamar kogi: mai kwale-kwalen da ya bi ruwa da wanda ya tunkari ruwa, tuƙinsu ɗaya amma isarsu ba ɗaya ba. Jirgi irin Boeing 777 yana gudun wajen kilomita 900 a awa a cikin iska. In iskar tana bayansa sai ka ga allon kujera ya nuna 1,000 ko fiye. In tana gabansa sai ya nuna 800 ko ƙasa da haka, alhali injin bai rage komai ba.

Alhaji Mai Shadda: Na sha ganin lambar nan tana hawa tana sauka a allon, wannan gaskiya ne. Amma ita iskar me ya sa kullum gabas take yi? Me ya hana ta yin kudu?

Injiniya: To a nan Alhaji yana da ƙafar tsayawa. Abu biyu ne suka haɗu suka haife ta. Zafin tsakiyar duniya yana ɗaga iska sama ta nufi wajen sanyi, juyawar duniya kuma tana karkatar da ita ta koma gabas.

Alhaji Mai Shadda: Ka ji! Ashe dai juyawar duniyar ce. Kun yi ta kewaye-kewaye da boko kun dawo kan maganata.

Injiniya: Ba ɗaya ba ne, Alhaji. Ka ce ƙasa ce ke gudu ƙarƙashin jirgi. Ni kuma na ce juyawar tana da hannu a samuwar iskar, iskar ce ke tura jirgi ko ta danne shi. Hujjata ita ce bambancin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Juyawar duniya ba ta canzawa daga wata zuwa wata, amma ratar tafiya da dawowa tana canzawa. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, iskar tana ƙarfi kuma tana gangarowa kudu da duwatsun Himalaya, daidai hanyar jirgin, sai ratar ta kai awa guda ko ta wuce. Da damina ta kama a Indiya iskar tana janyewa arewa, ratar ta ragu sosai. Kamfanonin jirage ma suna sauya jadawalinsu tsakanin hunturu da bazara saboda haka.

Alhaji Mai Shadda: Ni dai na san da Allah bai sa duniya ta juya ba, da ba a yi iskar taka ba. Mu bar shi a haka.

Maman Walida: Alhaji ba ya faɗuwa ƙasa banza, sai ya damƙo ƙasa ya tashi da ita.

Ɗan Kwari: Injiniya ina da saura. Na raba 5,800 da 900, ya ba ni awa 6 da rabi ba ta cika ba. Ina sauran awa ɗaya da wani abu ta tafi, tunda ma iskar tana bayanmu a tafiya?

Injiniya: Ka iya lissafi, ba banza maigidanka ya zaɓe ka ba. Na farko, lokacin da ke jikin tikiti ba daga tashi sama ake ƙirga shi ba. Daga sa'ad da aka ture jirgi baya daga ƙofa ne, har ya tsaya cik a ƙofar can. Dubai fili ne mai cunkoso, kana iya shafe minti 20 ko fiye jirgi yana rarrafe yana bin layi kafin ya samu titin tashi. Baiyun ma haka, bayan an sauka akwai 'yar tafiya kafin a kai ƙofa. Na biyu, hawa da sauka ba a yin su da cikakken gudu. Na uku, kuma shi ne babba, jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layin nan da aka auna. Layin da ya fi gajarta yana ɗan lanƙwasawa arewa, ya gogi gindin Himalaya wajen iyakar Indiya da Nepal. Jiragen kuwa sun fi bi ta ƙasa da nan: su ratsa Indiya, su bi ta Bangaladash da Myanmar, su shiga Chaina ta lardin Yunnan inda Kunming take, sannan su gangaro Guangzhou. Sama ma tana da tituna da ƙofofin shiga, kowace ƙasa da inda ta yarda a bi.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga kowa da kowa. Injiniya, me ya sa suke gudun duwatsun? Ai jirgi ya fi dutse tsawo. Everest ma da ake ji mita 8,849 ne, kai kuma ka ce suna hawa kilomita 10 zuwa 12.

Injiniya: In komai lafiya ya fi shi, sosai ma. Matsalar ranar da ba lafiya ce. In iskar shaƙa ta cikin jirgi ta zube, abin rufe hancin nan da yake faɗowa daga sama na 'yan mintuna ne, ba na awa ba. Dole matuƙi ya yi maza ya sauko wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi da kansa. To tudun Tibet kansa ya haura mita 4,000, ina za a sauko? Haka in inji ɗaya ya mutu, jirgi ba zai iya riƙe tsayinsa na farko ba, sai ya ɗan yi ƙasa. Ga kuma ƙarancin filayen saukar gaggawa a yankin. Shi ya sa ake gwammace a ƙara mintuna a bi ta inda ƙasa take kwance.

Ɗalibi a Guangzhou: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni a nan nake karatu, bari in ƙara kan na Injiniya. A Chaina yawancin sararin sama a hannun soja yake, hanyoyin da aka bar wa jiragen fasinja ƙunci gare su. Shi ya sa jinkiri ba baƙon abu ba ne a nan, musamman wajen tashi. Sai a rufe ƙofa, kowa ya ɗaura bel, a zauna ana jiran izini. Sannan yanayi. Daga wajen Afrilu ruwa yake fara sauka da tsawa, daga Yuni zuwa Satumba ko Oktoba kuma lokacin guguwar teku ne a gaɓar Guangdong. In babba ta taso ana soke jirage ne gaba ɗaya. Yaya Ɗan Kwari, in akwai jirgin da za ka kama a Dubai a dawowa, ka duba tazarar da ke tsakani da kyau.

Ɗan Kwari: Awa 2 da rabi aka ba ni tsakanin saukata Dubai da tashin na Legas. Ya isa?

Maman Walida: Tikiti ɗaya ne tun daga Guangzhou har Legas, ko biyu aka haɗa maka?

Ɗan Kwari: Ɗaya ne Hajiya, lamba ɗaya ce a sama.

Maman Walida: To da sauƙi. In tikiti ɗaya ne, kayanka su za su wuce da su, kuma in jirginsu ya makara ka rasa na gaba, nauyinsu ne su sa ka a wani. Inda ake kuka shi ne tikiti biyu na kamfani daban-daban, wanda wasu ajan suke haɗawa don ya yi araha. Wata shekara haka aka yi mini. Muka zauna cikin jirgi a Guangzhou ruwa kamar da bakin ƙwarya, ana ta ba mu haƙuri da Turanci da Sinanci, har yaron da ke kusa da ni ya yi barci ya farka ba mu motsa ba. Kafin mu isa inda zan canza, wancan ya daɗe da tashi. Na je teburinsu, matar ta duba kwamfuta ta ce ita ba ta san da zaman jirgin farko ba, ni ce ban zo ba. Ga katan-katan na kayan kicin suna jirana a wajen ɗaukar kaya, ni kuma ba bizar fita. Sabon tikiti na yanka da kuɗin da na ware na kwastam. Arahar nan ta ci ribar tafiyar kaf.

Ɗan Damagaram: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma ni tambayata ga masu bi ta Dubai, me kuke nema a can? Mu daga Yamai ta Adis Ababa muke bi, kuma na san jirgin Habasha yana zuwa Kano. Adis zuwa Guangzhou zama ɗaya ne, awa 10 da wani abu, ka sauka ka huta. Ɗan Kwari zai bar Kano ya yi kudu zuwa Legas, sannan ya dawo ya wuce ta saman arewar da ya baro. Wannan ai wahala ce da kuɗinka.

Injiniya: A lissafin kilomita kana da gaskiya. Kano zuwa Adis wajen 3,300, Adis zuwa Guangzhou wajen 8,000, jimla 11,300. Ta ɗaya hanyar kuwa Kano zuwa Legas 800 da ɗoriya, Legas zuwa Dubai 5,900, Dubai zuwa Guangzhou 5,800, ka ga an tashi 12,500. Ta Doha ma akwai, daga can zuwa Guangzhou wajen 6,200 ne, ya ɗan ɗara na Dubai kaɗan.

Alhaji Mai Shadda: Ku kuna ƙirga kilomita, mu muna ƙirga kilo. Ɗan kasuwa ba ya tambayar wace hanya ce gajera, tambayarsa jaka nawa aka yarda ya riƙo, kilo nawa kowace, nawa ne kuɗin abin da ya haura. Sannan awa nawa zai yi a yashe a filin canji. Na ga wanda ya zaɓi gajerar hanya ya kwana kan benci, wanda ya bi doguwar ya riga shi shiga kasuwa. Kuma wasunmu muna da harka a Deira, mukan tsaya mu ga mutanenmu na turare da gwal kafin mu wuce.

Ɗan Damagaram: Wannan kuma wata magana ce Alhaji. Wanda yake da abin yi a Dubai daban. Amma yaron nan bai ce yana da shi ba.

Ɗan Kwari: Ni fa ba ni na zaɓa ba. Maigida ya ce hanyar da ya saba ke nan, kuma an riga an biya.

Ɗan Damagaram: To shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Na gaba dai ka gwada tamu.

Injiniya: Wani abin da ke sauya tsawon tafiyar nan ba tare da an taɓa nisan ba shi ne rikicin ƙasashe. A 2019 da Indiya da Pakistan suka yi rikici, Pakistan ta rufe samanta tun ƙarshen Fabrairu, ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai tsakiyar Yuli. Jiragen da suka saba ratsawa ta can sai da suka riƙa zagayawa ta kudu, ta saman tekun Larabawa. Don haka in ka ga taswirar allon ta yi wani gwiwar hannu, kada ka ɗauka matuƙi ya ɓata.

Malam Na-Gwale: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ga an yi ta lissafin iska da kilo, ba wanda ya tambayi salla. Ɗana, duba tikitinka da kyau. Za ka tashi da hantsi ka sauka bayan isha, a cikin awa 8 ba ta cika ba. Wato azahar, la'asar da magariba duk a sama za su same ka, kuma a guje za su zo, domin kana tunkarar gabas, rana tana wuce ka da sauri. Agogon da ka saita a Dubai zai nuna wajen ƙarfe 4 na yamma ka ga rana ta faɗi ta taga. Kada ka bi agogon hannunka, ka bi ranar inda kake.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta Malam, wallahi ban kawo wannan a raina ba. To yaya zan yi?

Malam Na-Gwale: Kai matafiyi ne, shari'a ta yi maka sauƙi. Ka yi ƙasaru, raka'a bibbiyu, kuma kana iya haɗa azahar da la'asar. Ka shiga jirgi da alwalarka. Da ka ga rana ta yi zawali, awa ɗaya da wani abu bayan tashi, ka sallace su tare, kada ka ce sai an gama rabon abinci an kwashe tire, lokacin zai kuɓuce maka. In akwai wurin tsayuwa a baya kuma ma'aikatan sun ba ka dama, ka tsaya. In babu, ka yi a zaune gwargwadon iko. Alƙibla a tafiya tana bayanka, a dawowa tana gabanka, kuma jiragen Larabawa da yawa suna nuna ta a allo. Magariba kuma ka jinkirta ta ka haɗa da isha in ka sauka. A dawowa ba ka da wannan damuwar, dare za ka bi tun daga Guangzhou, daren ya yi ta miƙewa, ka sauka Dubai dab da asuba.

Maman Walida: Malam, in da azumi fa? Mun taɓa musu da wata a jirgi, ita ta ce sai agogon garin da ta ɗauki azumi ya cika.

Malam Na-Gwale: Ba ta yi daidai ba, Hajiya. Mai azumi yana shan ruwa ne in rana ta faɗi a inda yake. Mai zuwa Chaina yininsa gajere ne, ya sha ruwa da wuri, halalinsa ne. Wanda ya taso daga can da rana ya nufi yamma, yininsa zai yi tsawo, ba zai sha ba muddin yana ganin rana ta taga, ko da agogon Guangzhou ya ce dare ya yi. In ya ga zai wahala, Allah ya ba matafiyi rangwame, ya ajiye ya rama.

Alhaji Mai Shadda: Malam, tunda ka shigo, yaron nan in ya je ya ziyarci ƙabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Yana nan cikin Guangzhou, kusa da inda ake Juma'a, mun sha zuwa.

Malam Na-Gwale: Musulmin Sin haka suke faɗa, kuma wurin yana da daraja a wajensu, haka ma masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, wanda yake cikin mafi daɗewa a ƙasar. Amma abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne Sa'adu, Allah ya ƙara masa yarda, a kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a aka binne shi. Ya je ya yi Juma'a ya ga 'yan'uwa Musulmi, wannan alheri ne.

Alhaji Mai Shadda: Yau dai kowa ni ya sa a gaba, daga Injiniya sai Malam.

Ɗalibi a Guangzhou: Baba Alhaji ai da tsohuwar zuma ake magani, mu duk a bayanku muke. Yaya Ɗan Kwari, saura lissafin ƙasa, don saukar ƙarfe 10 ba ita ce isa masauki ba. Akwai layin shige da fice, za a ɗauki zanen yatsunka, akwai jiran kaya, akwai kwastam. Ka ba wannan awa ɗaya zuwa biyu. Filin yana arewa da gari da wajen kilomita 30. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, layi na 3, yana zuwa har filin, amma ba ya kwana yana aiki, kana iya fitowa ka tarar an rufe. Ka shirya wa tasi. Daga can zuwa Xiaobei ko Sanyuanli, inda mutanenmu suka fi sauka, wajen minti 40 ne in hanya ta buɗe. Ka sa a turo maka sunan otal ɗin da rubutun Sinanci ka ajiye hotonsa a waya, direba ba zai karanta na boko ba. Kuma ka bi layin tasi na hukuma, ka rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa.

Ɗan Kwari: Wato sai wajen 12 ko 1 na dare zan ga gado.

Ɗalibi a Guangzhou: Za ka ga gado, barci ne ba za ka gani ba. Chaina tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7. Ƙarfe 12 na dare a nan, 5 na yamma ce a Kano, jikinka yana Kwari ana shirin rufe shago. Ƙarfe 10 na safe kuma da kasuwa take buɗewa a nan, jikinka yana ganin 3 na dare ne. Kwanakin farko ka guji yin babban ciniki da safe, kai ba ya ja. Ka zaga ka ga kaya, ka karɓi kati, ka rubuta farashi, ka bar biyan kuɗi sai ka dawo hayyacinka.

Maman Walida: Wannan gaskiya ne. Kuma ka gaya wa mutanen gida lissafin nan tun yanzu. In ba haka ba, maigidanka zai idar da isha ya miƙe ƙafa ya kira ka a yi hira, kai kuma ƙarfe 3 na dare.

Ɗan Damagaram: Ita Chaina duk faɗinta agogo ɗaya ne, ko in ya wuce wani gari sai ya sake saiti?

Ɗalibi a Guangzhou: Ɗaya ne a hukumance, agogon Beijing. Ko Yiwu ya wuce ko Shenzhen ba abin da zai taɓa. Abin da zai duba shi ne ranar tikitin dawowa. Jirgin 12:15 na dare yana cin mutane. In an rubuta ranar 20 ga wata, to daren 19 za ka tafi filin jirgi, wajen ƙarfe 9. Na san wanda ya yi zamansa a otal yana ɗaure kaya, ya je daren 20, aka ce masa jirginsa ya tashi tun jiya.

Ɗan Kwari: Kai! Allah ya saka da alheri, wannan da ta ci ni ba shakka. Yanzu na sake dubawa, haka yake, kwanan watan na bayan 12 ne.

Alhaji Mai Shadda: Kuma wane wata ka ce za ka? In ya faɗa cikin baje kolin Canton, na Afrilu zuwa Mayu ko na Oktoba zuwa Nuwamba, otal yana tsada, jirgi yana cika, layin shige da ficen ma ya fi tsawo. In kuwa kusa da sabuwar shekararsu ne, Janairu ko Fabrairu, masana'antu rufewa suke kowa ya tafi garinsu.

Ɗan Kwari: Maigida ya kauce wa duka biyun, Alhaji. Ya ce shi ma sun taɓa koya masa hankali.

Maman Walida: To ƙanena tunda an warware maka, zan bi ka ta akwatin sirri. Akwai wani samfurin fulas da nake so ka duba mini farashinsa a Sanyuanli, hoto kawai za ka ɗauko, ba kaya ba.

Shugaban Zaure: Hoto dai Hajiya. Ina tuna wa kowa dokar zaure, ba a ba matafiyi ƙunshin da bai buɗe ya gani da idonsa ba, kuma cinikin sautu a yi shi a waje. Mai tambayar Guangzhou zuwa Yiwu da ya turo mini saƙo, ya buɗe sabon zare, jirgin ƙasa da na sama duk a tattauna a can.

Ɗan Kwari: An gama Hajiya, turo hoton da launin da kike so.